Daga Durba Zuwa Kano, Kallon Ɓerayen Bilki

Na fita daga Durba kafin assalatu, sanye da babbar rigar da ban taɓa sawa ba sai da salla. 'Yata Bilki ce za ta kare aikinta na digiri na biyu a jami'a, ta ce lallai in zo. A majalisarmu kuwa na daɗe ina cewa likitanci take karantawa, don bakina ya kasa furta gaskiya: ɓeraye take kiwo.

Kibiya zuwa Rano

Ɗan acaɓa ya sauke ni Kibiya, na yi asuba, na shiga motar Rano. Wajen hawa gwiwa ta ƙi, sai da kwandasta ya turo ni ta baya kamar buhun masara. A tashar Rano na sha koko da ƙosai, muka bi ta Bunkure da Karfi. A shingen 'yan sanda direba, wanda shi ma na faɗa masa likitanci 'yata take karantawa, ya nuna ni ya ce, "Baban dakta na ɗauko, sauri muke." Ban musa ba.

Kano

Bilki ta fara kai ni ɗakin ɓerayen. Farare ne tas, ga sanyin na'ura da ni ban taɓa kwana a cikinsa ba. Ta nuna mini wasu guda biyu, ɗaya na ta zarya, ɗaya ya lafe a gefe.

"Sa'annin juna ne, Baba. Tsokar jiki tana da agogonta, ta san lokacin aiki da na hutu. Wannan an ɓata masa nasa, shi ne ya tsufa da wuri, ƙarfi ya ragu, tsokar ba ta karɓar sukari yadda ya kamata."

"Ba magani?"

"Tsofaffin cikinsu idan aka tsayar musu da lokacin cin abinci, sukan ɗan farfaɗo."

Na dubi wanda ya lafe, na shafa gwiwata. Na tuna ɗumamen da nake ci duk sa'ad da na ga dama. Na ce ko ni ma haka ne? Ta ce, "A ɓera muka gani, Baba, ba a mutum ba tukuna. Amma dai ka rage."

Bayan azahar aka shiga zaure. Aka ba ni kujerar gaba, aka kashe fitila don nuna hotuna. Shekara da shekaru ban taɓa tsallake barcin rana ba, jikina kuma bai san da wani digiri ba. Na ji ta yi sallama. Abin da na ji bayan nan tafi ne. Na zabura na fi kowa tafawa.

A waje na kasa haɗa ido da ita. Ta ce, "Na ci, Baba. Da muryata ta fara rawa, minsharinka na ji, sai na ji kamar a tsakar gida nake magana." Ta yi dariya, tana share ido da gefen mayafi.

Komawa gida

Na kwana Rano wurin ƙanena, washegari da hantsi na isa Durba. A majalisa na faɗa musu aikinta ba ƙari ba ragi. Malam Sule mai rumbu uku ya matso ya ce, "To madalla, ta aiko mana da maganin kashe su."

Na ce, "Malam, ita neman yadda za su daɗe da ƙarfinsu take yi."

Har yau bai ƙara tambayata lafiyarta ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na kuma gode wa kwandastan Kibiya.