Kafinta da Katin Baƙi

Surukina kafinta ne. Ya yi shekara arba'in a wani shago mai ƙofa ɗaya, ƙasa duk garin katako, fensir kullum a bayan kunne. Da fensirin yake ja layi a jikin katako, amma ko sunansa bai iya rubutawa ba. Duk zamansu da surukata ita kaɗai ke zuwa coci, shi kuwa tsakaninsa da addini sai gaisuwa daga nesa. Ranar da muka dawo daga binne ta ya kira ɗansa, wato mijina, ya ce ya ba da gaskiya, zai bi addininta.

Ɗan cocin da take zuwa tuni aka rushe shi aka yi shaguna. Sai Baba ya ɗauki Littafi Mai Tsarki nata, wanda ta saƙala wa wani ƙyalle a tsakiya, ya shiga neman coci. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: wani ya zauna da shi ya karanta masa shafin da ƙyallen yake. Kunya ce ta hana shi faɗa a gida.

A coci na farko lasifika ta kusa kurmantar da shi. Aka ce baƙi su miƙe, aka yi musu tafi kamar sun ci gasa, wata budurwa mai murmushin haya ta miƙa masa kati da biro. Suna, adireshi, lambar waya, sana'a. Ya juya katin gaba da baya, ya sa a aljihu. Tun da bai cika ba, babu wanda ya sake bi ta kansa.

A na biyu wani mai kwat ne, yana ta ƙamshin turare, ya ga Baba bai buɗe inda fasto ya ce a buɗe ba. Don gwaninta ya karɓe littafin, ya zare ƙyallen zai yar. Da Baba bai yi wuf ya cusa yatsa a shafin ba, da shi ke nan. Haka ya zauna har aka tashi, yatsa a cikin littafi. A bakin ƙofa aka ba shi kati.

Haka ya yi ta yawo har ya iso namu, mai tayil da fankoki ashirin. Ni ce shugabar kwamitin karɓar baƙi, katin ma ni na tsara shi, har da fure a kusurwa. Ban taɓa gayyatarsa ba, don ina jin nauyin a gan ni da tsoho mai tabon gam a riga. Kwatsam sai na hango shi a layi. Ya ɗaga littafin, ya buɗe baki zai yi magana, na danna masa kati a hannu na wuce tarbar matar wani likita.

Dikon ɗinmu kuwa, mai taimaka wa fasto, idonsa idon cin riba ne. Ya ga Baba yana girgiza benci da hannu yana duba ƙafafunsa.

"Baba, kafinta ne kai? Kai, Ubangiji ne ya aiko ka!"

Wata uku, kowace Asabar, Baba yana durƙushe yana gyaran bencinanmu. Fasto har kan bagade, a gaban jama'a, yake yabon "ɗan'uwanmu kafinta", don sunan ma bai sani ba. Da aka zo buɗe ajin masu shirin baftisma, daga katuna aka kwashi sunaye. Nasa babu. Mutum ɗari huɗu, kowa da littafi a hammata, masu digiri sun fi a ƙirga, an rasa mai tambayar tsoho abin da ya kawo shi. Daga nan ya daina zuwa.

Ba rashinsa ne ya dami dikon ba, benci shida ne suka rage. Ni aka aika.

Na same shi yana fere ƙafar kujera. A kan teburin aikinsa na ga katunan baƙi har guda bakwai, a kansu yake kwaɓa gam. Nawa mai fure yana sama. Muka gaisa, ya goge hannu a wando, ya ɗauko littafin daga kan kanta.

"Malama, in ba za ki makara ba, duba mini nan."

Na karanta masa shafin tun daga sama har ƙasa, bai kai minti biyar ba. A gefe akwai rubutun surukata, ƙanana kamar tururuwa. Ta rubuta "domin maigidana", ƙarƙashinsa kuma shekaru a jere, kowace da irin birota, har ashirin da shida. Shi ma na karanta masa.

Ya yi ta shafa ƙyallen. Can ya ce in sake, na sake.

"To, abin da nake ta yawo a kai ke nan," in ji shi.

Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan sauke wa.

"Haba Baba! Ina gidan ɗanka, kullum muna gaisawa. Me ya hana ka zo wurina?"

Ya mayar da ƙyallen wurinsa, ya rufe littafin a hankali.

"Ai na zo, 'yata. Kati kika ba ni."