Likitan da Wana Ya Haifa

Wana mutum ne da in ya yi atishawa sai ya ce hadari ne ya taso. Tun ranar da ɗansa ya tafi karatu Faransa, kunnuwanmu ba su huta ba a fadarmu ta shan shayi a Dakoro. Kullum "ɗana likita". Ko kunama ta harbi wani, sai ya ce a yi haƙuri, yaron na nan tafe.

Da yaron ya zo hutu, gidan ya cika kamar ranar kasuwa. Wana ya sha babbar riga yana jera marasa lafiya da sanda. Na farkonsu wani tsoho ne da aka ɗauko a amalanke tun daga Ɗan Gulbi, gwiwarsa ta kumbura ta kai tulu.

Yaron ya durƙusa ya gaida shi, ya ce, "Baba, ni ban taɓa duba mutum ba. Aikina a kan guringuntsin ɓera yake."

Wana ya yi tari. Yaron bai gane tarin ba, ya ci gaba da bayani. Wai cikin guringuntsi akwai wani zare mai riƙe shi, sunansa kolajen, kuma akwai ƙwayar gado mai ba jiki umarnin saƙa zaren. Shi yana bin yadda aka gina ƙwayar, da lokacin da take farkawa ta kama aiki. Ɓerayen kuwa farare ne tas, ɗakinsu da sanyi, abincinsu a kan lokaci. Ni da na haifi 'ya'ya ban samu wannan gata ba.

Tsohon ya ce, "To ɗana, ɓerayen suna warkewa?"

"Ai ba su da ciwo, Baba. Yanka su muke mu duba."

Tsohon ya juya wajen wana. "Alhaji, ashe mahauci ka haifa. Ka faɗa mana tun farko mana, da ban wahalar da jakina ba."

Wana fa shi ne mai ƙirga kakanninsa har zuwa jirgin Annabi Nuhu, yana cewa babu mai wuƙar fawa a cikinsu. Kafin la'asar gidan ya watse.

Yanzu a zaurensa yake dafa shayinsa shi kaɗai. Ni kuwa duk layya sai na leƙa na tambaye shi ko likita zai samu zuwa ya yi mana fiɗa.