Na Kai Inbatarmu Daura a Cikin Bargo

Daga gida zuwa Baure

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame sallar asuba, na hau bayan babur rungume da inbatar garinmu, na naɗe ta da bargo. Ita ce akwatin da ke karɓar wuta daga farantan sola ta raba wa gari. Gwamnati ta kafa mana tashar solar bara, ta damƙa ta a hannun kwamitinmu, ta ce tamu ce, gyara ma namu ne. Ni ne sakatare.

Jiya da azahar inbatar ta ɗauke. Malama Hajara, jami'ar ɗakin shan maganinmu, ta biyo ni har bakin hanya yau da zan tafi. "Malam Sale, alluran rigakafin yara na cikin firji. Ƙanƙarar da na jera musu ba za ta wuce magaribar yau ba. In sun yi zafi, zubarwa za a yi."

Baure zuwa Zango

Bakwai saura kwata na samu mota a Baure. Direba ya ce a sa kayan a but tare da buhunan gyaɗa. Na ce ko alama. Na biya kuɗin mutum biyu, inbata ta zauna a kujerarta kamar Hajiya.

Kafin Zango aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya yaye bargon ya kalle ni.

"Baba, wannan ta wace ma'aikata ce?"

"Ranka ya daɗe, ba ta ma'aikata ba ce. Tamu ce."

Na miƙa masa takardar mallaka mai sunan garinmu. Ya karanta, ya maido da hannu biyu, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Wallahi har muka shiga Zango kaina a kumbure yake.

Daura

Tara da minti ashirin na isa shagon Injiniya Nura, mai gyaran kayan sola. Ya kwance bayanta, ya shinshina, ya ce, "Zafi ne ya cinye fankarta. A ina kuke ajiye ta?"

Nan na gyara zama. Na ba shi labarin ɗakin da muka gina mata da gayya: katanga mai kauri, ba taga, kowace kafa mun liƙe da laka yadda ko tururuwa ba za ta shiga ba. Na ƙara da cewa shawarata ce.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kawu, rumbu kuka yi mata! Ai ba gero ba ce, numfashi take yi."

Kunya ta rufe ni. Mu manoma abin da muke ƙauna liƙe shi muke yi, haka muka gada. Na fita na ci waina ta ɗari biyar da miyar taushe, ban ji ɗanɗanonta ba. Daga nan na kira shugaban kwamiti na ce a fasa tagogi biyu masu fuskantar juna kafin in dawo, a sa musu raga.

Ɗaya da kwata Nura ya gama. Bai bar ni na tafi ba sai da ya sa na kwance fankar na mayar da hannuna sau biyu.

Komawa

Motar Baure ta ƙi cika sai uku saura. Kowane fasinja da ya tsaya ciniki, ji nake kamar in ɗauke shi in jefa ciki. Biyar da rabi babur ya sauke ni a ƙofar tashar solarmu, na tarar da tagogi a fashe, rabin gari a tsaye. Na ɗaura wayoyin yadda aka koya mini, na yi bisimilla na danna maɓallin. Wuta ta kawo.

Ban tsaya sauraron shewar mata ba, na nufi ɗakin shan magani da sassarfa. Malama Hajara na durƙushe gaban firji, ya fara gurnani. Ta duba ma'aunin sanyi ta daɗe, sannan ta ɗago.

"Ba mu rasa ko kwalba ɗaya ba, Malam. A yi shela, gobe a kawo yara."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Nura da ya yi mini dariya ya kuma koya mini. Shelar ma ni na karɓi lasifika na yi ta da bakina.