Layar da Na Cusa a Bindigar Maigidana

Ni tsohuwa ce yanzu, da tsufana na koyi boko a ajin manya, don haka a yi haƙuri da rubutuna. A lokacin da abin nan ya faru ina amarya 'yar shekara biyu a ɗaki, mai rawar kai da ganin na fi kowa dabara. Tudun Wada kuwa ba ta wuce 'yan gidajen zana da bukkoki a bayan ganuwa ba, inda baƙi irinmu suka sauka domin birni ba namu ba ne. Maigidana tsohon soja ne. Da ya aje kaki, Turawan da ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa suka ɗauke shi maharbi, yana samo wa lebura nama yana kuma kore musu kuraye da damisa daga sansani. Suka ba shi bindigar gwamnati, irin wadda ake ja mata wani ƙarfe baya a tura gaba kamar sakatar ƙofa kafin kowane harbi. Mutum ne marar yawan magana, abu ɗaya kawai yake taƙama da shi a duniya, idonsa na dama. Ana cewa bai taɓa kashe harsashi biyu a kan dabba ɗaya ba.

Wata rana a farkon damina aka kawo mini shi da riga jina-jina, damisa ta yage masa kafaɗa. Ya warke, amma ni ban warke ba. Kullum ya rataya bindiga ya fita sai in yi ta leƙen hanya har ya dawo. Wata maƙwabciyata ta kai ni wajen wani malami baƙo da ya sauka a unguwar Gyallesu, ya rubuta mini laya 'yar ƙarama kamar farcen babban yatsa. Ya ce a jikin makamin za a ɓoye ta, kuma sharaɗinta ɗaya ne: ranar da na buɗe baki na faɗa wa wani, tsarin zai juye ya koma kan mai bindigar. Na naɗe ta da zaren da na kaɗa da hannuna, na ƙulle da wani ƙulli mai kai biyu da uwata ta koya mini. Da maigida ya zaga bayan gida, na ɗauki tsinken kitso na cusa ta a 'yar kafar da ke tsakanin bututun ƙarfen da itacen da yake kwance a kai, har ta ɓace. Na koma kan dakana ina jin na yi abin kirki.

Ba a yi mako biyu ba ya fara dawowa hannu rabbana. Ya ce ya auna gada a kafaɗa harsashi ya bi ta samanta. Ya ce abin da ya fi ɗaure masa kai, harbin farko kan faɗa kusa, amma da ƙarfe ya ɗau zafi sai na biyu ya yi sama, na uku ya yi gefe, kowanne da alƙiblarsa kamar awakin da aka kwance. Ya shiga bin abin ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya masa a soja. Ya wanke cikin bututun da ruwan zafi, ya ja tsumma da igiya har sai da ya ga haske a ciki. Ya ce ko harsashin ne ya sha raɓa, ya karɓo sabo. Ya duba bakin bindigar ko ya bugu da dutse, ya duba ɗan ƙarfen da ake saiti da shi ko ya goce. Ya kafa allo a jikin suri a bayan gari, ya zana da'ira da gawayi, ya ɗora bindigar a kan buhun yashi don kada a ce hannunsa ne ke rawa. Duk a banza. Ni kuwa ina kallonsa ina yi masa sannu, wallahi ko a raina ban kawo cewa ni ce ba.

Ranar da na gane, ina zuba masa fura ne da azahar. Yake gaya mini ya je bariki ya ga wani samanja abokinsa, samanjan ya ce masa irin wannan bindiga ba ta son komai ya tokare ta daga ƙasa, ko ƙwayar tsakuwa ce ta shiga tsakanin ƙarfe da itace, ko itacen ya kumbura da damina, sai ta riƙa watsa harbi. Amma fa kwance itacen ba hurumin baƙar fata ba ne, akwai alama a kan kusoshin, wanda ya taɓa sai gidan yari. Ludayin ya suɓuce mini. Ya tambaye ni lafiya, na ce zanzaro ne ya harbe ni.

Daga ranar na shiga tsaka mai wuya. Ranar Juma'a da ya tafi masallaci na ɗauko tsinken nan na yi ta ƙoƙarin zaƙulo layar, sai ƙara nutsewa take yi. Na garzaya Gyallesu in roƙi malamin ya warware mini sharaɗin, aka ce ya bi ayari ya yi gabas. In na faɗa, ga bakin malam, kuma na riga na ga abin da damisa take yi wa mutum. Ga hukuma, wadda ba za ta ji cewa mace ce ta yi don ƙauna ba, maigidana za ta kama. Ga kuma wanda ban so in ambata ba, amma shi ne gaskiyar: tsoron ya dube ni ya ce in tattara kayana. Gaba kura baya siyaki. Sau uku ina zuwa gabansa in durƙusa, in buɗe baki, sai in ji ina tambayarsa miyar da yake so.

Maigidana ya kai kuka wajen Baturen da ke shugabantar aikin, ya roƙi a aika bindigar a duba. Baturen ya karɓa, ya harba sau ɗaya tak tana da sanyi, harsashi ya faɗa gefen da'irar. Ya miƙa masa, ya ce ta bakin tafinta bindigar ƙasarsu ba ta ƙarya, idon mai ita ne ya tsufa, in wata ya kama bai gyaru ba za a nemi wani. Wannan maganar ce ta karya shi. Ya dawo yana rufe idon hagu yana duban bishiya, yana tambayata ko ina ganin wani fari-fari a ƙwayar idonsa. Na duba. Ido ne garau, baƙi wuluk, har ina ganin fuskata a ciki. Na ce ban ga komai ba, kuma a nan na tsaya.

A kasuwa ya haɗu da wani mai maganin ido da ke yawo gari-gari. Mutumin ya buɗe masa fatar ido ya ce yanar ido ce ta fara, tun tana ɗanya ake kwashe ta. Da safiyar da za a yi aikin na riƙe masa riga a bakin zaure na ce ya bari tukuna. Ya tsaya, ya juyo, ya tambaye ni dalili, ya kuma jira. Allah Ya sani ya jira. Na ce mafarki na yi. Ya yi murmushi ya ce mafarkin mata ba ya ƙarewa, ya fita. Da la'asar aka riƙo hannunsa aka kawo shi, an ɗaure masa fuska da tsumma. Idon ya kumbura kwana tara, da ya saɓe babu komai a ciki sai fari. Aka zo aka karɓi bindigar. Ya koma tufkar igiya a ƙofar gida, mutumin da a da ake kiɗa wa taken maharba. Har yau in na ji an ce garin neman gira an rasa ido, sai in tashi in bar wurin.

Shekara ashirin da 'yan kai muka ƙara tare, muka haifi 'ya'ya biyar, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Kullum ina cewa gobe zan faɗa. Tsoron bakin malam ya daɗe da barina, kunya ce ta gaje shi. Bayan rasuwarsa, ina cikin takaba, samanjan nan ya zo gaisuwa, ya tsufa tukuf. Daga bayan labule ya gaya mini cewa wata biyu bayan an karɓi bindigar aka kwance ta a bariki, aka sami wata 'yar laya a ƙarƙashin bututun, aka cire, ta koma harbi daidai kamar sabuwa. Shi ya ɓoye ta ya kawo wa marigayi, ya ce su nemi maƙiyin da ya yi wannan aiki. Marigayi ya juya ta a tafin hannunsa, ya shafa ƙullin, ya ce ba maƙiyi ba ne, a bar maganar. Da tsohon ya tafi na zazzage jakar fatar da maigida ke ajiye carbinsa. Layar tana ciki, da zarena da ƙullina.

Abin da na koya shi ne ƙauna ba ta hana mutum yin ɓarna, kuma cusa layar ba shi ne babban laifina ba, don wannan rashin sani ne. Laifina shirun da na yi bayan na sani. Ina kira ga 'yan'uwana mata da maza, kada ku sa hannu a kayan sana'ar wani a ɓoye, ko da alheri kuke nufi, kuma duk maganin da aka ce sharaɗinsa ku rufe wa na kusa da ku baki, ku bar shi a inda kuka same shi. In kun ga wani yana zargin kansa a kan laifin da ku kuka yi, ku faɗa tun yana tsaye a bakin zaure. Ni nawa mijin ya yafe mini shekara ashirin ina zaune kusa da shi, ban taɓa ba shi damar ya faɗa mini ba.