Katakon Kusurwa

Baba Kafinta akwatin gawa yake yi, shekara talatin ke nan. Mutane ba sa zama a rumfarsa, ko gaisuwa daga bakin titi suke jefo masa, sai ka ce mutuwa mura ce. Amma duk shekara in Kirsimeti ya gabato, shi ke haɗa komin dabbobin da ake kwantar da jaririn roba a coci. Tun da wuri yake ware katako mafi kyau ya jingina a kusurwa. "Wannan na Mai Ceto ne," in ji shi, "ba na matattu ba."

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ke yi wa komin fenti. Bara tirela ta take ta har lahira tana dawowa daga aiki. Direban a buge yake, kuma wata huɗu kacal ya yi a tsare. Tun daga nan, in ana Addu'ar Ubangiji aka zo wajen gafarta wa masu yi mana laifi, Baba sai ya ja bakinsa ya yi gum. Ya tsani mutumin nan, ba ya ma ɓoyewa.

Saura kwana biyar Kirsimeti, sai ga wata mata a bakin rumfa, ido jawur. Matar direban ce. Mijinta ya cika da safe, ta zaga gari ba ta samu akwati ba.

"Baba, na san ba ni da bakin magana a nan."

"Babu katako," ya ce. Ba ƙarya ya yi ba, na sana'a ya ƙare, mai kawowa sai bayan hutu.

Ta juya tana jan ƙafa. Baba ya dubi kusurwa, ya ja tsaki.

"Ke! Tsawonsa nawa?"

Ya yanka, ya goge, ya buga ƙusa yana kuka. Kada wani ya ce maka sanyi ya ji a ransa, haba, ko kusa.

Washegari Fasto ya leƙo. "Baba, ina komi?"

"Yana ƙasa, da direba a ciki."

Ranar Lahadi a kan zani aka kwantar da jaririn, a tsakar siminti. Aka soma addu'a, aka iso wajen gafarar nan. Muryar Baba ta fito a bayan ta kowa. Maganar ba daɗi a bakinsa, amma ya faɗe ta har ƙarshe.