Ranar da "Da Sauƙi" Ta Cinye Mana Asibiti

Ko shekara ɗari zan yi a duniya, ranar da Turawan agaji suka zo unguwarmu a Durumi ba za ta fita daga raina ba. Ni ban yi boko ba. Magana nake yi ana rubutawa, kuma yadda aka yi haka zan faɗa.

Shekarun baya ne mai unguwa ya tara mu, ya ce wata ƙungiya daga ƙasar waje za ta gina ɗakin haihuwa da ajin yara, amma wuri ɗaya za su zaɓa, inda suka ga an fi shan wahala. Na fi kowa ɗokin abin, domin matar ɗana tana da tsohon ciki, kuma sau biyu tana rasa jariri a hanyar asibiti.

To, mu dai abin da kunnenmu ya riƙe shi ne baƙi za su zo. A gidan da na tashi kuwa ba a tarbar baƙo da tsumma. Muka share lungu, muka rufe kwatar ƙofar gida da katako, muka ƙunsa lalle. Wadda ba ta da atamfa ta aro. Ni har sarƙar maƙwabciyata na rataya. Yaran da ke tari aka kulle su a ɗaki kada su ba mu kunya. Aka yanka kaji.

Suka iso cikin fararen motoci: wata doguwar Baturiya riƙe da littafi, da mai ɗaukar hoto, da tafinta, wani mai kwat da ya tsinci Hausarsa a kasuwa. Mai hoton ya ɗaga kyamara, ya gan mu muna sheƙi kamar 'yan ɗaurin aure, ya sauke.

Tafintan ya matso kusa da ni. "Mama, madam ya ce yaya jikinka? Kana da ciwo?"

A ranar gwiwata ta kumbura har ba ta lanƙwasuwa. Na ce, "Da sauƙi, ɗana, alhamdu lillahi."

"Yara fa?"

"Da sauƙi."

"Ruwan sha?"

"Sai godiya."

Da aka zo kan haihuwa, ya juya ga matar ɗana. Wace 'yar mutunci ce za ta yi zancen ciki a gaban uwar miji da maza? Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Ni na amsa mata, "Ana sauka lafiya, da ikon Allah."

Aka leƙa wajen wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi wata biyu a kwance. "Baba, yaya jiki?" Ya tattaro ɗan numfashin da ya rage masa ya ce, "Da sauƙi." Kwana uku bayan nan muka yi zaman makokinsa.

Tafinta yana juyawa, Baturiya tana rubutawa tana murmushi. Ta ci cinyar kaza, sannan ta ce a gaya mana duk yawonta ba ta taɓa ganin talakawa masu ƙoshin lafiya irinmu ba. Muka rangaɗa guɗa. Wallahi guɗa muka yi.

Asibitin kuwa can wajen Idu aka kai shi, wata unguwa da mai unguwarsu ya taɓa yi wa Turawa gadi, ya san halinsu, ya hana kowa wanka ranar da suka je can. Mu kalanda aka aiko mana, da hotonmu a jiki, ni a tsakiya da sarƙar aro.

Matar ɗana a cikin keke mai ƙafa uku ta haihu, a bakin titi, ina tsaye da gwiwar nan tawa ina kare ta da zani daga idon masu wucewa. Allah Ya raya mana yarinyar, amma ba da dabararmu ba.

Na daɗe ina jin haushin Baturiyar, wadda ta tsallako teku neman wahala amma ba ta tura ƙofa ko ɗaya ba, alhali ana jiyo tari daga ciki. Daga baya na ga da laifinmu. Maƙwabci ne ke jin "da sauƙi" ya gane ana jin jiki. Wanda ya zo daga nesa da littafi, abin da bakinka ya faɗa shi zai rubuta. Tun daga ranar, duk mai maganin da ya tambaye ni jiki, wurin zama nake ba shi, in fara masa daga gwiwa.