Kawu Ya Zare Waya da Hannunsa

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da abokiyar aikina ta gyaran kwamfuta, ƙanena yana tuƙi yana mitar tsadar mai tun kafin mu fita unguwa. Damina ta zauna sosai. Daga Bichi zuwa Tsanyawa gero ya rufe gefen hanya, ramukan titi kuma sun cika da ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. A Kankiya muka tsaya sayen gasasshiyar masara. Da mai gashin ta faɗi kuɗi na zaci na duka tiren take nufi, ashe na guda ɗaya ne. Muka saya dai, don yunwa ba ta bar mu mun yi ciniki ba.

Abin da ya kai mu Katsina kwamfutar Kawuna ce. Tsohon hedimasta ne a Ƙofar Durɓi, ciwon ido ya tafi da ganinsa bayan ya yi ritaya. Wani ɗalibinsa ya haɗa masa tsohuwar kwamfutar tebur mai karanta rubutu da murya, da ita yake sauraren littattafai yana kuma rubuta tarihin unguwarsu. Muryar ta mace ce, tana karanta Hausa kamar mai tauna tsakuwa, shi ya sa yake ce mata Baturiya. Matsalar ita ce duk lokacin da aka ɗauke wuta tana aiki, in an dawo da ita sai Baturiya ta yi gum. Tana tsayawa ne tana binciken ma'ajiyarta, ta rubuta tambaya a allo tana jiran amsa, alhali muryar ba ta riga ta tashi ba. Kawu ba ya ganin allon. Sai ya zauna jiran wanda zai karanta masa, wani sa'in har gobe, shi kuwa mutum ne da roƙon taimako ke yi masa nauyi. Ta waya ya ce min zai sa a ɗauke ta ya huta. Maganar ta tsaya min a rai, don na san ita kaɗai ta rage masa da yake yi ba tare da an riƙe masa hannu ba.

Mun iso da hantsi. Gaisuwa kawai ta ci lokacin da za a dafa shinkafa, don sai da ya tambayi lafiyar kowa a gidanmu har da maƙwabta. Matarsa ta kawo fura mai sanyi da dambun zogale, muka ci muka yi nak, sannan muka buɗe injin.

Ɗalibin nan ya yi ƙoƙari. Don tsohon inji ya yi sauri sai ya rage kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya zubar da duk abin da yake ganin nauyi ne. Cikin abin da ya zubar har da tsarin ajiya mai janal. Aikin janal shi ne kafin kwamfuta ta taɓa ma'ajiya sai ta fara rubuta abin da za ta yi a wani gefe. In wuta ta yanke, da ta farka sai ta duba can, ta ƙarasa ko ta watsar, ba sai ta tambayi kowa ba. Muka kwafe rubuce-rubucen Kawu gefe, na shiga jerin zaɓuɓɓukan haɗa sabon kanel. Har na zaɓi tsarin ya zama ɓangaren da ake ɗaukowa daga baya, abokiyata ta riƙe min hannu. Ta ce a gina shi a jikin kanel ɗin, don wannan injin ba shi da abin da zai ɗauko masa shi kafin ya buɗe ma'ajiyar, zai zama an kulle ɗaki da mabuɗin a ciki. Da ba ta zo ba, da na mayar da Baturiya bebiya gaba ɗaya. Allah Ya saka mata.

Haɗa kanel abu ne mai cin lokaci, sai muka bar shi muka je ganin hasumiyar Gobarau. Ƙanena ya ɗaga kai ya dubi tsawonta, ya ce shi daga ƙasa ma yana ganin komai. A hanyar dawowa muka sayi kilishi, wanda aka ce tsaraba ne amma bai kai Kano ba.

Bayan la'asar muka ɗora sabon kanel, muka sa wa ma'ajiyar janal. Na ce wa Kawu an gama. Ya ce shi malamin makaranta ne, bai yarda da ɗalibin da ba a yi wa jarrabawa ba.

“Ɗiyata, kama hannuna ki kai ni wurin wayar wutar. Ni za ni zare ta.”

Ya buɗe rubutunsa, ya adana, ya lalubi wayar ya fizge. Ya mayar, ya kunna, muka kasa kunne. Jim kaɗan Baturiya ta yi magana, ta karanto masa layin da ya tsaya.

“Mi ta tambaya?” ya ce.

“Ba ta tambayi komai ba, Kawu.”

Sai ya shiga sa mana albarka, har abokiyata ta juya tana share ido.

Washegari muka kamo hanya cikin yayyafi, muka iso gida lafiya, alhamdu lillahi. Na daɗe ina wannan aiki ina ɗaukar zaɓin nan ƙaramin abu, layi ɗaya cikin dubbai. A Katsina na ga mutumin da zamansa da tashinsa suka rataya a kansa. Bayan kwana biyu da dawowarmu ya kira ni, ko gaisuwar bai ƙarasa ba, abin da bai taɓa yi ba.

“An ɗauke, an maido,” ya ce, “ban kira kowa ba.”